Ta cece ni, amma daga matsalar da ita ta jawo

Duk mai motar tafi-da-gidanka, wato mota mai ɗakin kwana a cikinta, mai tagwayen tayoyi a baya ya san azabar tayar ciki. Bawul ɗinta a ɓoye yake bayan wilin waje, sai ka durƙusa ka cusa hannu ta ramin wili kafin geji ya kai gare shi. Ido kuma ba ya gane komai, don ta ciki tana iya sacewa sarai, ta waje ta ɗauke nauyin su biyun, motar tana tsaye kamar lafiya lau. Shi ya sa na sayi wannan na'urar lura da iskar taya, mai sansa shida, wato 'yan na'urorin auna iska da ake murɗawa a bakin bawul, da ɗan allo a gaban direba. Motata ba ta zo da irinta ba, domin dokar Amurka da ta tilasta saka ta tun 2007 ta tsaya ne kan motocin da nauyinsu bai wuce fam 10,000 ba, irin namu kuwa sun zarce haka.

Gaskiya ranar da ta yi aiki na sa mata albarka. Muna kan babbar hanya da rana tsaka, mota cike da kaya da ruwa, sai allon ya ɗauki ƙara. Tayar ciki ta hagu, wadda na cika psi 80 a ma'aunin iska da safe kafin ta ɗau zafi, ta sauko 68, ina kallo ta koma 64. Sitiyari bai ja ba, ban ji wani sauti ba, babu abin da zai sa in tsaya in ba don ƙarar nan ba. Na gangara gefe, na ɗora tafin hannu a kan tayar waje, sai da na janye shi saboda zafi. Da mun ƙara tafiya a haka, ita ce za ta fashe, kuma wanda ya taɓa ganin abin da fashewar tayar baya ke yi wa bututun ruwa da wayoyin da ke ƙarƙashin ɗaki ya san ba ƙaramar asara ba ce. A lokacin, da a ce an miƙo mini waya, tauraro biyar zan ba masu na'urar.

Sai da muka isa wurin mai faci labari ya sha bamban. Ya juya tayar, babu ƙusa, babu yanka. Ya zuba ruwan sabulu a gindin bawul, sai ga kumfa tana tashi tsirit-tsirit. Ya lanƙwasa shi da yatsa, robar gindin ta buɗe baki. Ya ɗago ya ce, "Maigida, wa ya haɗa maka wannan tiyon a kan bawul mai gindin roba?" Masu na'urar ne. A cikin kwali ɗaya suka sayar mini da sansa da tiyon ƙarin tsawo mai saƙar ƙarfe, da sunan na tagwayen tayoyi ne. Bawul ɗin a ido tagulla ne, amma roba ce ke riƙe da shi a jikin wili. Ka ɗora masa tiyo, ka ɗora sansa a ƙarshen tiyon, duk juyin da taya ta yi nauyin nan yana fizgar gindin har ya tsage. Ga shi kuma sansa ba kamar murfin bawul ba ce, kullum tana danne da allurar ciki, don haka iska tana cikin tiyon dare da rana, kowace mahaɗa ta zama wurin yoyo. Ashe na'urar ta kama ɓarawon da ita ta buɗe wa ƙofa.

Na rubuta musu, suka amsa cewa ai an san sai da bawul na ƙarfe. To me ya hana ku rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin kwalin? Sai da aka kwance tayoyin bayan duka, aka duba cikin wadda ta sace da wadda ta ɗauki nauyinta, aka sa bawul na ƙarfe zalla mai noti: dogo guda ɗaya babu mahaɗa na ta ciki, lanƙwasasshe na ta waje, da robar da ke tallafe dogon a ramin wili. Tun daga nan iska ba ta sake raguwa ba.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Siginar tayoyin baya tana ɗaukewa, kuma allon ba ya faɗa nan take, sai ya ci gaba da nuna tsohuwar lamba na tsawon lokaci kana zaton komai daidai. Maganinta wai na'urar ƙara ƙarfin sigina, ita ma saye daban. In za ka ƙara iska sai ka kwance sansa da wata 'yar sifana saboda notin hana sata, a tayar ciki kuwa wannan ma aiki ne.

Tauraro uku na ba ta. Ba zan cire ta daga motar ba, amma tiyon nan nasu yana kwandon shara.