Jakar iska a ƙarƙashin tsohuwar Chevrolet C10: sharhin wanda ya hau ta rani da sanyi

Motata Chevrolet C10 ce ƙirar 1971, akori-kura mai gajeren baya da injin V8 mai lita 5.7, wanda a nan Amurka aka fi sani da 350. A birnin Houston na jihar Texas nake hawa ta, kuma tun da aka cire mata sifirin na ƙarfe aka ɗora ta a kan jakunkunan iska, ta ga zafin rani, ta ga damina, ta kuma ga ɗan sanyin da ake yi a wannan yanki. Hukuncina shi ne aikin ya biya kuɗinsa, amma ya biya ne saboda an fara yanke shawarar tsayin da motar za ta riƙa tafiya a kansa kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, sannan aka gina komai a kan wannan tsayin.

Jakar iskar da ake magana a kanta ba ita ce wadda ke fitowa daga sitiyari lokacin haɗari ba. Wata jaka ce ta roba mai kauri, an ƙarfafa ta da zare, ana zaunar da ita a gurbin sifirin domin ta ɗauki nauyin mota. Idan aka cika ta da iska motar ta ɗaga, idan aka sace iskar motar ta sauka. Dabarar tsohuwa ce, domin manyan motocin dakon kaya da bas-bas sun daɗe a kanta, kuma Cadillac ta sa ta a Eldorado Brougham tun 1957. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne na'urar da ke sarrafa iskar, kuma a can ne mafi yawan kuɗin mai saye ke tafiya.

Kafin in kai ga wannan zaɓi na duba hanyoyi biyu da suka fi araha. Ta farko ita ce a sa gajerun sifirin tare da sifindil, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, mai sauke gaba da inci biyu da rabi, motar ta zauna a tsayi ɗaya har abada. Ta biyu ita ce shokozoba mai sifirin a jikinsa, wanda ake murɗa zobensa a rage ko a ƙara tsayi, amma sai an ɗaga mota a gareji. Dukkansu suna da ƙarancin abin lalacewa, kuma ba zan raina wanda ya zaɓe su ba. Titunan Houston ne suka hana ni. Mashigar gidaje da ta gidajen mai a wurare da yawa tana da tudu mai kaifi, kwalta tana da ramuka, ga ruwan sama da kan taru a kan hanya cikin ɗan lokaci. Motar da aka sauke inci biyar ko shida ba tare da damar ɗagawa ba, kullum mai ita yana cikin lissafin ta ina zai bi.

Wanda yake da C10 ta tsakanin 1967 da 1972 ya yi sa'a wajen ƙirar ƙafafun baya. Yawancin na Chevrolet a waɗannan shekaru suna da dogayen hannaye biyu na ƙarfe da suka taso daga tsakiyar shasi suka riƙe aksil, da sifirin mai naɗi a kan kowane hannu. Saboda haka jakar iska tana zama kusan daidai inda sifirin yake, ba tare da an sake ƙera komai ba. Daga 1973 zuwa 1987 kamfanin ya koma sifirin mai faifai a baya, kuma su waɗannan faifan su ne ke riƙe aksil a wurinsa, don haka duk wanda ya cire su sai ya sayi wani tsarin hannaye huɗu a yi masa walda ko a ɗaure da ƙusoshi. Haka lamarin yake ga Ford F-100. Mai irin waɗannan motoci ya ƙara kuɗin wannan aiki a lissafinsa tun daga farko.

Maganar tsayin tafiya ita ce na fi daɗewa a kanta da bakanikena, dattijo ne da ya shekara da yawa yana gyaran waɗannan motoci. Abin da ya fara yi shi ne ya cire sifirin ɗin gaba da baya, ya ɗora shasin a kan jak, ya sa tayoyin da zan yi amfani da su, sannan ya riƙa saukewa a hankali ina tsaye ina kallo. Da muka kai inda bakin madigadi ya rufe saman taya kaɗan, ya ce in murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu. Taya ta goga a ciki. Ya ɗaga kusan inci ɗaya, na sake murɗawa, ta wuce lafiya. Ya ɗauki alli ya rubuta awon a jikin shasi, daga ƙasa zuwa bakin madigadi a kowace kusurwa, ya ce, "Ga inda motarka za ta rayu, sauran duk na hoto ne." A kan wannan awo aka zaɓi tsawon shokozoba, aka daidaita mazaunin jakunkuna domin su kasance a tsakiyar tafiyarsu, aka kuma yi saitin tayoyi.

Dalilin wannan tsanani shi ne kowace jaka tana da tsayin da aka ƙera ta ta yi aiki a kai. Idan aka cika ta fiye da kima domin a ɗaga mota, sai ta yi tauri, motar ta riƙa tsalle. Idan aka rage mata iska sosai domin a yi tafiya a ƙasa, sai ta yi laushi, shasi ya riƙa dukan aksil a kowane rami. Ga kuma ƙafafun gaba, waɗanda duk lokacin da motar ta sauka saman tayoyinsu yake karkata ciki, ta yadda saitin da aka yi a tsayi ɗaya ba ya aiki a wani. Wanda ya riƙa yawo a tsayin da ba a yi saiti a kansa ba, gefen cikin tayarsa zai cinye alhali sauran tayar tana nan sabuwa. A baya ma akwai sandar da ke hana aksil gocewa gefe, wadda ake kira Panhard. Da yake tana lilo ne a kan ƙusa ɗaya, tana jan aksil zuwa gefe guda idan motar ta hau ko ta sauka. Mun sa mai daidaituwa, muka tsayar da aksil a tsakiya a tsayin tafiya. Idan na sauke motar gaba ɗaya a wurin ajiya, taya ɗaya ta fi kusa da madigadi fiye da ɗaya, kuma na yarda da hakan tunda motar ba ta motsi a lokacin.

An yanke ɗan gurbi a shasi a saman aksil na baya aka ƙarfafa shi da farantin ƙarfe, domin aksil ya sami wurin shiga. Na tsaya a ƙaramin gurbi wanda bai taɓa katakon daɓen baya ba. Masu son shasi ya kwanta a kan kwalta, irin motocin da ake gani a taron Lone Star Throwdown a garin Conroe, sai sun yanke babban gurbi, sun ɗaga daɓen baya, sun kuma canza gadar ƙarfen da ke ƙarƙashin injin, domin ita ce ke fara taɓa ƙasa a C10. Aikin yana da kyau a ido, amma ni ina ɗaukar kaya a motata, kuma ban so in rasa zurfin bayanta.

Ɗaukar kayan nan shi ne ya yanke mini hukunci a kan na'urar sarrafa iska. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda ke auna ƙarfin iskar da ke cikin kowace jaka, akwai kuma wadda ke da ɗan hannu a kowace ƙafa yana auna ainihin tsayin motar. Kamfanin Air Lift yana sayar da 3P mai bin ƙarfin iska da 3H mai haɗa tsayi da ƙarfin iska, AccuAir an san shi da e-Level mai bin tsayi, RideTech na jihar Indiana ma yana da nasa. Ga ƙaramar motar da nauyinta ba ya canzawa sosai, mai bin ƙarfin iska ta wadatar kuma ta fi sauƙin haɗawa. Akori-kura kuwa bayanta ba shi da nauyi idan babu kaya, ta yadda jakunkunan bayan motata ba sa kai psi 50 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) a tsayin tafiya, alhali na gaba suna kusan ninki biyu. Da zarar an loda buhunan siminti, ƙarfin iskar da ya ɗauki bayan jiya ba zai ɗauke shi yau ba, kuma na'urar da lamba kawai take bi za ta bar motar a tsugune tana ganin ta cika aikinta. Na sayi mai auna tsayi. Ranar da na ɗauko katako da buhunan ƙasar shuka, ina kunna mota na ji iska tana shiga baya, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ta dawo kan awon da aka rubuta da alli, fitilun gaba suna kallon hanya yadda ya kamata. Wannan kaɗai ya isa ya biya bambancin farashin a wurina.

Kowace jaka tana da nata bawul na shiga da na fita, takwas ke nan gaba ɗaya, kuma ina shawartar kowa kada ya yarda a haɗa jakar dama da ta hagu a tiyo ɗaya don rage kuɗi. Idan aka haɗa su, a kwana iska tana gudu daga jakar da nauyi ya danne zuwa ɗaya gefen, motar ta ƙara kwantawa a daidai lokacin da ake buƙatar ta tsaya. Na zaɓi tiyo mai faɗin uku bisa takwas na inci, irin wanda aka amince da shi don birkin iska na manyan motoci. Na kwatan inci yana da jinkiri, na rabin inci kuma yana fizgar mota sama da sauri har daidaita tsayi ya yi wuya. Tankin iska mai galan biyar da kwamfuresa biyu, wato injinan matsa iska, masu kaiwa psi 200 suna ƙarƙashin daɓen baya.

Abubuwan da ba su yi mini daɗi ba suna nan, kuma ya kamata mai saye ya ji su. Kwamfuresa suna da ƙara, kuma duk da robar da aka sa a ƙafafunsu, jijjigarsu tana ratsa shasi ta shigo inda nake zaune. Suna kuma cin wuta fiye da abin da tsohuwar altanetar wancan zamani za ta iya bayarwa, don haka sai da aka sa babba da waya mai kauri da fis nata na daban. Iskar Houston cike take da laima, kuma duk iskar da aka matse tana zubar da ruwanta a cikin tanki. Akwai matarar ruwa tsakanin kwamfuresa da tanki, amma duk da haka idan na buɗe bawul na ƙasan tanki ruwa mai launin ƙasa yana fitowa. Wata safiya da sanyi ya sauka ƙasa da ma'aunin daskarewa, bawul ɗaya ya ƙi buɗewa sai da rana ta ɗaga. Wanda ke zaune a jihohin arewa masu dusar ƙanƙara ya ɗauki wannan da muhimmanci fiye da ni.

Yoyon iska ma ya faru. A makonnin farko nakan tarar da kusurwar gaba ta hagu ta sauka bayan motar ta kwana. Mun bi mahaɗan da ruwan sabulu, kamar yadda mai faci ke neman hujin tayar keke, sai ga kumfa tana tashi a wani mahaɗi da ya zo cikin kayan da na saya, wanda robar cikinsa ba ta kama tiyon da kyau ba. An canza shi, aka yanke bakin tiyon daidai da reza, kuma tun daga lokacin motar tana yin kwanaki a ajiye ba ta sunkuya ba. Littafin umarnin da ya zo da kayan bai yi bayanin inda ya kamata a ɗaure hannayen auna tsayi a irin wannan tsohuwar mota ba, sai da bakaniken ya ƙera musu mazauni da kansa, ya gwada su daga can sama zuwa can ƙasa domin kada su karye.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne abin da zai faru idan jaka ta fashe ko tiyo ya tsinke a kan babbar hanya. Jaka ba ta yawan fashewa don kanta. Abin da ke kashe ta shi ne gogar ƙarfe ko zafin salansa, shi ya sa aka goge kowane kaifi a mazauninta, aka bar mata sarari a kewaye, aka kuma kai tiyo nesa da bututun hayaƙi. Bayan haka mun sa robar tsayawa, wadda ke tare shasi kada ya sauka gaba ɗaya, a kowace ƙafa, muka sace iskar duka, muka tura motar a filin gareji domin mu tabbatar tayoyi suna juyawa, sitiyari yana ɗan murɗuwa, babu kuma ƙarfen da ke jan ƙasa. Wannan ya rage mini kusan inci ɗaya daga iyakar saukar da motar za ta iya yi, kuma ban ji ciwon rasa shi ba, domin iyalina suna shiga motar nan.

A kan hanya, tafiyarta ta fi ta da santsi, musamman baya, wanda a da yake buga ƙashin baya idan babu kaya. Rabin wannan yabo na shokozoba ne, domin jaka nauyi kawai take ɗauka, ba ta hana lilo, kuma a baya sai da aka canza musu mazauni saboda saukar motar ta kwantar da su har ba sa aiki sosai. A kwana ba ta kai motar da ke kan shokozoba mai sifirin tsayuwa ba, ko da yake sandar hana karkata mai kauri da aka sa a gaba ta rage tazarar. Tsayi uku na ajiye a na'urar, ɗaya na tafiya, ɗaya na hawa tudun mashiga da ratsa ruwa, ɗaya na ajiya. Na tafiyar ne motar ke komawa da kanta duk lokacin da na murɗa makulli, kuma sai na ji bawul sun yi shiru kafin in sa giya.