Sharhi kan sauya makunnin waifa a ƙaramin jirgin ruwa

Ƙaramin jirgin ruwan da nake aiki da shi a tafkin Madarunfa, kusa da Maraɗi a Nijar, ɗan Kwatano ne, na faiba, mai inji a baya da ɗan gilashi a gaban matuƙi, kuma ya zo da waifa guda ɗaya wadda makunninta ba ya yin komai sai kunnawa da kashewa. Na sa wani mai wayarin na cikin garin Maraɗi ya cire wannan makunni ya sa mini wani mai mataki uku, tare da ɗan akwatin lokaci da ke sa waifa ta riƙa shara tana hutawa. Tun da aikin ya ratsa damina ya kuma ratsa hunturu, zan iya cewa gyaran ya biya kuɗinsa, amma amfaninsa ya fito ne daga yadda aka ja wayoyin, ba daga kyan makunnin da aka saya ba.

Tsohon tsarin yana da aibu biyu. Na farko, duk inda aka kashe waifar nan take tsayawa, kuma sau da yawa a tsakiyar gilashi, daidai inda idon matuƙi yake. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne cewa abin da ke jiƙa gilashi a kan tafki ba ruwan sama mai ƙarfi ba ne a yawancin lokuta, yayyafi ne da feshin da iska ke ɗebowa daga gaban jirgi idan hadari ya taso. Irin wannan jiƙa ba ta buƙatar shara ba ƙaƙƙautawa, domin bayan an share sau biyu ko uku gilashin ya bushe, robar ta fara ƙara tana jan laka. Dole hannu ɗaya ya zauna a kan makunni yana kunnawa yana kashewa, alhali daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da tafkin ya cika, masunta suna ko'ina da kwalekwalensu da ba su da tsawo a kan ruwa, ga kuma alamomin ragarsu da sai an zuba ido sosai ake hangowa. Wanda ya taɓa naɗe ragar masunci a farfelar injinsa ya san cewa ba ƙaramar magana ba ce.

Da mai wayarin ya kwance motar waifar, wato ɗan injin lantarkin da ke motsa ta, sai ya nuna mini bakin waya uku a jikinta, masu lamba 53 da 53a da 31, kamar yadda ake samu a motocin waifa da yawa na Turai. Ta 53 ce ke karɓar wuta daga makunni, ta 31 ce ke mayar da wutar batir, ita kuwa 53a an bar ta haka nan ba a haɗa ta da komai ba. Ya buɗe murfin giyar ya goge man da ke ciki da yatsa, sai ga wani faifan tagulla mai giɓi a gefe guda, da ƴan harsunan ƙarfe da ke gogarsa yayin da yake juyawa. Aikin wannan faifai shi ne ya ci gaba da ba motar wuta ta hanyar 53a bayan an kashe makunni, har sai hannun waifar ya koma mazauninsa, inda giɓin ke katse wutar. Ashe motar tana da dabarar komawa gefe da kanta tun daga masana'anta, waya guda ce kawai ta rasa. Wannan wayar ce kuma ginshiƙin matakin shara da hutu, domin akwatin lokacin ba ya yin komai illa ya ɗan tura motar ta bar mazauninta, sauran zagayen faifan ne ke ƙarasa shi.

Abin da ya sa na yaba wa mutumin nan shi ne bai ɗauki jirgin kamar mota ba. Da na tambaye shi dalilin da ya sa yake jan waya ta biyu mai tsawo har zuwa batir, sai ya ce: “Alhaji, mota ƙarfe ce, jikinta ne ke mayar da wuta. Wannan kuwa faiba ne, in ba mu ja masa tasa wayar ba, babu inda wutar za ta bi ta koma.” Tsohuwar wayar siririya ce, an murɗa ta da ta fitila an naɗe da salatif, kuma ta yi kore saboda danshi. Ya sauya ta da mai kauri, ya liƙe kowane baki da dalma, ya rufe da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Ya sa fiyus kusa da inda wutar ta taso, ba kusa da motar ba, domin wayar ce fiyus yake karewa idan ta goge ta haɗu da ƴar'uwarta. Wayar 53a kuma ya ɗauko ta ne daga bayan babban makunnin batir, saboda idan an ɗaure jirgi an tafi gida kada a bar wata waya da wuta a cikinta. A wurin da tankin fetur yake kusa da ƙafar mutum, wannan kulawa ta fi mini komai muhimmanci.

A kan ruwa, bambancin ya fito tun daga yayyafin farko. Matakin tsakiya shi ne na shara da hutu, kuma akwai ɗan maɓallin murɗawa da ke ƙara tsawon hutun ko ya rage shi, daga ƴan daƙiƙoƙi zuwa wajen daƙiƙa 20. A nan makunnin yake zama kusan kullum idan sama ta ɓaci, hannuwana biyu suna kan tuƙi. Mataki na uku, na shara ba tsayawa, sai ruwa ya kece sosai nake bukatarsa, kuma a irin wannan hali ma neman gaɓa ya fi dacewa da ci gaba da tafiya.

Kayan da aka sa ɗin kuwa ba su kai aikin hannun kyau ba. Makunnin daga Kano aka yo mini saƙonsa, an rubuta IP65 a kwalinsa, wato yana jure ƙura da feshin ruwa, amma wannan kariyar a fuskarsa kawai take, bayansa inda wayoyi suke shiga a buɗe yake. Akwatin lokacin kuma na mota ne da ake samu a wajen masu sayar da kayan gyara a nan Maraɗi, ba a yi shi don danshi ba, sai da aka saka shi cikin ƴar robar magani aka huda ƙasanta, aka ɗaure ta a ƙarƙashin allon tuƙi. Dabarar ta yi aiki har yanzu, sai dai ban ɗauke ta a matsayin abin dindindin ba. Maɓallin murɗawar ƙarami ne ƙwarai, yana sulɓewa a jiƙaƙƙen hannu, kuma ƴar fitilar da ke jikin makunnin ba a ganinta sam da rana. Akwai kuma wata matsala da take bayyana idan batir ya yi sanyi: motar tana yin nauyi, ɗan turin da akwatin ke ba ta ba ya isa ya fitar da ita daga giɓin faifan, sai hannun waifar ya motsa kaɗan ya tsaya. Da an tada inji batir ya fara caji, sai ta koma daidai.

Hunturu ya nuna mini iyakar wannan gyara. Gilashin irin waɗannan ƙananan jirage yawanci na roba ne mai haske, ba gilashi na ainihi ba, kuma idan waifa ta bi ta kan busasshiyar ƙura sai ta bar masa zane wanda ba ya gogewa. Sabon makunnin irin na dannawa ne mai faɗi, gwiwa ko igiya na iya taɓa shi ba da niyya ba, don haka ya fi tsohon saurin jawo wannan ɓarna. Na sa an yi masa ɗan murfi, kuma a watannin ƙura ina watsa wa gilashin ruwa kafin in taɓa makunnin. Da a ce an haɗa ƙaramin famfon feshin ruwa a lokacin da allon tuƙin yake buɗe, da aikin ya fi cika. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40 a yankinmu, yana kuma busar da robar waifar, saboda haka sauya ta kafin faɗuwar damina wajibi ne ko wane irin makunni aka sa.

Kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya bai kai na sabon batir ba, kuma na aikin ya ɗan ɗara na kayan, abin da nake ganin daidai ne. Duk mai son yin irin wannan gyara ya fara duba motar waifarsa tukuna. Idan bakin waya biyu kawai gare ta, to ba ta da faifan komawa mazauni, kuma akwatin lokaci ba zai yi mata amfani ba, domin hannun zai riƙa tsayawa duk inda wuta ta yanke, sai dai a sauya motar baki ɗaya. Idan kuwa uku ne ko fiye, sai a kai mai wayarin bakin tafki ya ga jirgin da idonsa kafin a yi cinikin aiki, domin tsawon wayar da za a ja zuwa batir da wurin da za a ɓoye akwatin ba sa aunuwa daga shago.