Skyfall da The Hobbit: wanne ya cancanci awanninka?

A ƙarshen shekarar 2012 manyan finafinai biyu suka fito kusan a jere, Skyfall a watan Oktoba, The Hobbit: An Unexpected Journey a watan Disamba, kuma kowannensu ya tara sama da dala biliyan ɗaya a gidajen sinima na duniya. Na sake kallonsu ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina Skyfall ya yi wa ɗan'uwansa nisa, duk da cewa labarinsa ya fi na The Hobbit yawan ɓaraka. Wanda bai kalle su ba ya sani, zan tona yadda suka ƙare.

Bari mu fara da The Hobbit, domin matsalarsa ta lissafi ce. Littafin da J.R.R. Tolkien ya fitar a 1937 babi 19 ne, shafi kusan 300, kuma don yara aka rubuta shi. Da farko fim biyu aka shirya yi da shi, sai a watan Yulin 2012 darakta Peter Jackson ya ce uku za a yi. Wannan na farkon minti 169 ne, amma babi shida kacal ya ci. Kwatanta da The Fellowship of the Ring na 2001, aikin Jackson ɗin dai, wanda ya haɗiye babi 22 cikin minti 178. Lokaci kusan ɗaya, labari bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. To da me za a cike gurbin? Da ciko.

Tun farawa ake jin cikon. Sai an ba da tarihin yadda dodon nan mai aman wuta, Smaug, ya ƙwace dutsen Erebor daga hannun wadanni, sai an nuna Bilbo, jarumin labarin, da tsufansa yana rubutu, magajinsa Frodo ya leƙo ya wuce ba tare da ya ƙara komai ba, sannan wadanni 13 su cika gidan Bilbo, su cinye masa abinci, su rera waƙa biyu. Kusan minti 40 ke wucewa kafin Bilbo ya taka ƙofar gidansa. Da a ce an yi amfani da wannan zaman an sanar da mu su wane ne waɗannan mutane 13, da ba a yi asara ba. Amma bayan an gama fim ɗin, waɗanda mai kallo zai iya bambancewa da halinsu ba su wuce huɗu ko biyar ba: Thorin mai girman kai, Balin dattijo, Bofur mai barkwanci, sai samarin nan biyu Fili da Kili. Sauran gemu ne da hula. Bombur, mai ƙiba, ko kalma ɗaya bai furta ba.

Sannan aka jawo abubuwan da ba sa cikin tafiyar. Radagast, matsafin daji da zomaye ke jan kekensa, sunansa kawai aka ambata a littafin, a nan kuwa an ba shi fili mai tsawo. Azog, farin dodon da ke farautar Thorin, a rubutun Tolkien ya mutu tun kafin a fara wannan tafiya, aka tashe shi saboda fim na farko yana bukatar bos da za a kara da shi a ƙarshe, tunda an ajiye Smaug sai fim na biyu. Dalilin a fili yake, amma Azog da kwamfuta aka zana shi, fatarsa sumul, kuma bai da kwarjinin Lurtz na fim ɗin 2001, wanda mutum ne ƙato aka yi wa kwalliyar roba aka sa shi gudu a daji.

Abin da aka fi cece-kuce a kansa lokacin da fim ɗin ya fito shi ne saurin hoto, kuma ya kamata a fahimce shi da kyau. Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake haskawa da sauri. Tun ƙarshen shekarun 1920, da aka fara fim mai magana, aka tsaya kan hoto 24 a kowane sakan. A wannan saurin, idon kyamara kan buɗe na kusan kashi ɗaya cikin 48 na sakan ga kowane hoto, don haka duk abin da ke motsi yakan ɗan dushe a gefensa. Wannan dushewar ita idonmu ya saba kira fim. Tana ɓoye gam ɗin gemun roba, tana sa takobin katako ya yi kama da ƙarfe. Jackson ya ɗauki nasa da kyamarorin Red Epic a kan hoto 48 a sakan, kuma a tsarin 3D mai bukatar kyamara biyu, ɗaya ga kowane ido. Manufarsa a rage jiri da ciwon ido da 3D ke jawowa, kuma ta wannan fuskar ya yi nasara. Sai dai da dushewar ta ragu, komai ya fito ƙarara: fenti a bango, hoda a fuska, gashin jabu. Masu kallo da dama suka ce ji suka yi kamar bidiyon biki suke kallo, ba sinima ba. Kwafin da ake samu a gida an mayar da shi hoto 24, amma ƙyallin nan na dijital bai bar shi ba, musamman a fitowar da aka yi da rana.

Tsarin 3D ya kashe wata tsohuwar dabara ma. A finafinan The Lord of the Rings, in ana son matsafin nan Gandalf ya fi Frodo girma, sai a zaunar da Ian McKellen kusa da kyamara, Elijah Wood can baya, ido ɗaya na kyamara ya haɗa su kamar suna kusa da juna. Kyamara mai ido biyu tana gane tazara, don haka yaudarar ba ta ci. Dole aka raba su: wadanni a cikin ɗakin Bilbo na gaske, McKellen shi kaɗai a wani ɗaki mai koren bango, kyamarori biyu na motsi tare, daga baya a haɗa hoton. An haɗa da kyau, ba a cewa komai, amma ka lura da idon Gandalf a wurin cin abincin nan, sau da yawa ba ya sauka daidai kan wanda yake yi wa magana.

Babbar illar dai ita ce babu wanda ke jin ciwo. Samudawan dutse suna dambe, tawagar na manne a gwiwar ɗayansu, dutse ya haɗu da dutse, kowa ya fito lafiya. A garin dodanni na ƙarƙashin ƙasa gadar katako ta tsinke da su, ta gangara rami mai zurfin gaske, gawar sarkin dodannin ta faɗo musu a kai, ko ƙwarzane babu. In kuma abin ya ƙi, Gandalf na nan: shi ya fasa dutse rana ta ƙone wasu ƙatti uku da suka kama tawagar, shi ya bayyana a kogon dodanni, shi ya kira mikiyoyi a ƙarshe. Sau uku a fim ɗaya. Daga na biyun mai kallo ya daina fargaba.

Wuri ɗaya ne fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa, wato wasan kacici-kacici tsakanin Bilbo da Gollum, wata ramammiyar halitta mai zaman kaɗaici, a bakin tafkin cikin kogo. Mutum biyu ne kawai, Martin Freeman da Andy Serkis, da sharaɗi mai sauƙi: in Bilbo ya ci a nuna masa hanya, in ya faɗi a cinye shi. Wannan fitowar ita aka fara ɗauka a duk aikin, kuma an bar 'yan wasan suna yin ta daga farko zuwa ƙarshe kamar wasan daɓe. Ana ganin amfanin hakan. Gollum ma zanen kwamfuta ne, amma kowane motsin leɓe da ƙifta ido daga fuskar Serkis aka kwaso, har ka ga lokacin da yake murna kamar yaro da lokacin da mugun cikinsa ya karɓe. Da Bilbo ya sa zobe ya ɓace, ya ɗora takobi a wuyan Gollum sannan ya fasa, babu magana ko ɗaya, fuskokin biyu sun isa. Freeman ne dukiyar fim ɗin, abin takaici shi ne yakan ɓace na dogon lokaci a cikin labarin da ke ɗauke da sunansa.

Skyfall, fim na 23 a jerin James Bond, ya zo daidai cikar shekara 50 da fitowar Dr. No na 1962. Sam Mendes ne darakta, Roger Deakins ya ɗauki hoto, Daniel Craig ya fito a Bond karo na uku, tsawonsa minti 143. Shi ma da kyamarar dijital aka ɗauke shi, Arri Alexa, don haka ba dijital ba ce ta kayar da The Hobbit.

Dubi faɗan Shanghai. Bond ya bi wani makashi mai suna Patrice zuwa saman wani dogon bene, hawa ne da babu kowa, bangonsa duk gilashi. Babu fitila a ciki, hasken tallan da ke jikin gini ne kawai ke shigowa, shuɗi, yana yawo a kan gilasan har Bond ya ɓuya a cikin inuwoyinsa. Da suka kama kokawa, kyamara ba ta yi rawa ba, ba a yayyanka hoton ba. Ta tsaya daga nesa tana matsowa a hankali, mutum biyu baƙi ƙirin a gaban shuɗin haske, sai walƙiyar bindiga in ta tashi. Ka san inda kowa yake, ka san inda tagar da aka huda take, ka san wanda ya zame ya tafi kenan. Wanda ya kalli Quantum of Solace na 2008, inda ake yanka hoto kafin ido ya gane motar wa ke gaba, zai san darajar wannan natsuwa.

Haka shigowar bos ɗin. Sai da fim ya wuce awa ɗaya kafin Javier Bardem ya bayyana a matsayin Silva. Bond na ɗaure a kujera, Silva ya fito daga can ƙarshen wani dogon zaure, yana takowa a hankali yana ba da labarin ɓerayen da aka tara a ganga har suka koma cin junansu. Ɗauka ɗaya ce, ba yanka, kuma labarin na ƙarewa daidai lokacin da fuskarsa ta cika allo. Ba a kashe ko sisi kan siddabarun kwamfuta a nan ba, an dai auna tsawon zauren da tsawon maganar. Buɗewar fim ɗin a Turkiyya ma ta yi armashi: tsere da babura a kan rufin babbar kasuwar Istambul, katafila tana murƙushe motocin Boswaja a kan jirgin ƙasa, sannan harbin kuskure da ya jefo Bond daga gadar Varda mai tsayin kusan mita 100. Bayan nan Bond ya dawo hannunsa na rawa, ya faɗi jarrabawar harbi da ta ƙarfin jiki. Faɗuwar ta bar masa tabo.

Amma labarin, in ka zauna ka yi masa tunani, ba ya riƙe ruwa. Komai ya faro ne daga satar ma'ajiyar bayanai mai ɗauke da sunayen jami'an leƙen asirin ƙasashen NATO da suka saje cikin ƙungiyoyin ta'adda, Silva na fallasa biyar duk mako. Ana kama shi aka manta da zancen. Sai Q, wanda aka gabatar a matsayin gwanin kwamfuta, ya ɗauki kwamfutar maƙiyi ya jona ta kai tsaye da na'urorin MI6, hukumar leƙen asirin Birtaniya da Bond ke yi wa aiki. Ɗalibin da ya yi zango ɗaya a darasin tsaron kwamfuta ya san irin wannan a keɓe ake buɗe ta, a kan na'urar da ba ta haɗe da komai. Daga nan shirin Silva ya dogara kan ya san ranar da za a kama shi, da inda hukumar za ta koma bayan ya fasa ofishinta, da wurin da Bond zai tsaya a ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, da mintin da jirgi zai zo wucewa ya rufto ta ramin da bom ya yi. Duk wannan wahala don ya shiga zauren bincike da kayan 'yan sanda ya harbi M, shugabar hukumar, da ƙaramar bindiga, abin da zai iya yi ba tare da an kama shi ba. Yadda aka yi da Séverine, matar da ke yi wa Silva aiki, kuwa bai yi daɗi ba sam. An gaya mana tun tana yarinya aka sayar da ita, Bond ya yi mata alkawarin ceto, aka harbe ta a gabansa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne takaicin giyar da ta zube.

Me ya sa ake yafe masa? Saboda ɓarakar ba ta taɓa abin da fim ɗin ya sa a gaba ba, wato alaƙar M da 'ya'yan da ta raina a aiki, Silva ta sadaukar da shi ya dawo da fansa, Bond ta sa aka harbe shi ya dawo da biyayya. Maimakon ƙarshen ya kumbura, sai ya tsuke: tsohon gida a tsaunukan Sikotilan, mutum uku, bindigar farauta, wuƙa, tarkon da aka haɗa da ƙwan fitila da ƙusoshi, da tsohuwar Aston Martin DB5. Kuma an yi asara ta gaske, M ta mutu, Judi Dench ta bar matsayin da ta riƙe tun 1995. Fim ɗin ya ci Oscar biyu, na waƙar Adele da na tace sauti. Deakins bai ci ba a wannan karon, kuma a ganina an ƙware shi.

Ga mai niyyar kallo a gida, akwai abin da zai gyara tukuna. Yawancin talabijin na zamani suna ƙirƙiro hotuna su cusa tsakanin na asali don motsi ya yi santsi, Samsung na kiran abin Auto Motion Plus ko Picture Clarity, LG TruMotion, Sony Motionflow. A kashe shi, in ba haka ba Skyfall ma zai koma irin kamannin da aka zagi The Hobbit a kai. A guji kwafin da aka matse ya koma 'yan megabait ɗari uku, domin matsi a duhu ya fi yin ɓarna, kuma faɗan Shanghai, da daren ƙarshe a Sikotilan, da kogon Gollum duk za su zama baƙin dabbare-dabbare. A nemi 1080p, a kashe fitilar ɗaki. The Hobbit na bukatar rubutun fassara a ƙasan allo ko ga mai jin Turanci, tunda Azog da yaransa da yarensu suke magana, mutanen Rivendell, garin da tawagar ta yada zango, ma wani lokacin haka. Duka finafinan biyu an yi musu tambarin 'yan shekara 13 zuwa sama a Amurka, amma Skyfall na da fitowa biyu ko uku da ba za ka so su same ka zaune da iyaye ko ƙanne ba. Akwai kuma dogon kwafin The Hobbit mai minti 182. Ƙarin minti 13 ɗin yawanci zaman Rivendell ne da waƙoƙi, har da ta sarkin dodanni, don haka gajeren ya wadatar.