Ɗakin taron da kulob ɗinmu ke haya: abin da ya yi daidai da abin da ke neman gyara

Kulob ɗin Rotary da nake ciki a Kano yana yin zamansa na mako-mako a ƙaramin ɗakin taro na wani otal da ke unguwar Nasarawa, kuma ganin yadda ƙungiyoyi da dama ke neman wurin zama irin wannan, ya dace in bayyana yadda hidimar take. Ba zan ambaci sunan otal ɗin ba, domin har yanzu muna kan tattaunawa da su game da sabunta yarjejeniya. Abin da muke biya ya ƙunshi ɗakin, da abincin rana, da wutar janareto, da intanet, da babban allo da lasifika waɗanda ke ba 'yan kulob da suke nesa damar shiga taron ta manhajar Zoom.

Zaman Rotary yana da tsarin da ba kowane otal ke gane shi ba. Tun lokacin da lauya Paul Harris ya kafa ƙungiyar a birnin Chicago a 1905, aka san ta da haɗa cin abinci da tattauna aikin taimako, kuma a Kano al'adar ta daɗe, domin a nan aka kafa kulob na farko a Nijeriya a 1961, daga nan kuma Jonathan Majiyagbe ya fito ya shugabanci ƙungiyar ta duniya a 2003, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Da ƙararrawa ake buɗe zama, da ita ake rufewa, kuma yawancin mahalarta ma'aikata ne da 'yan kasuwa da za su koma bakin aiki. A wannan fanni otal ɗin ya cancanci yabo, domin kafin shugaba ya iso an jera kujeru, an kafa tuta, an ajiye ƙararrawa da rajistar halarta a kan teburi, ba tare da an tuna wa kowa ba.

Abincin ba shi da yawan kala, amma yana zuwa da zafinsa. Tuwon shinkafa da miyar taushe shi ne abin da suka fi iyawa, farfesun kayan ciki ma ba laifi, dafa-dukarsu kuwa wani lokaci mai yakan yi mata yawa. Wurin alwala yana da tsabta, kuma an keɓe wa mata wurin salla, abin da ya sauƙaƙa mana tun da zaman yana ƙetara lokacin azahar.

Inda aka fi gwada hidimar shi ne ranar da wata 'yar kulob ɗinmu, ma'aikaciyar jinya da ta koma aiki a wani asibiti a arewacin Ingila, ta yi mana jawabi a kan rayuwarta a can. Hotonta ya fito tangaran, muryarta kuma ta kai har kujerun baya, kuma da yake otal ɗin yana biyan kuɗin manhajar, ba a yanke mu a minti 40 ba kamar yadda ake yi wa masu amfani da ita kyauta. Ta ba mu labarin jarrabawar Turanci da ta aikin jinya da sai da ta ci kafin a yi mata rajista, da aikin dare na sa'o'i 12, da yadda kuɗin haya da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama ɗaki ke cinye rabon da 'yan uwa a gida suke lissafin nasu ne. Ta ce a watan Disamba duhu yana shiga tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, kuma abin da ya fi yi mata nauyi shi ne rashin maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro a tafi aiki, da ranar salla da ta same ta a ɗakin marasa lafiya. Ta ɗaga wata 'yar roba ta kuka da daddawa da wani matafiyi ya kai mata, har muna iya karanta rubutun da mahaifiyarta ta yi a jikin murfin. Ta kuma ja hankalin iyaye cewa tun daga watan Maris na 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalinsu, saboda haka kada a sayar da gona ko gida a kan alkawarin dillali. Ta nuna mana ƙaramar tutar da wani kulob na garin ya ba ta da ta halarci zamansu, inda ta ce tambayar farko da suka yi mata a kan shan inna ce, cutar da Rotary ke yaƙi da ita tun 1985, wadda a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nau'inta na asali ya ƙare a nahiyar Afirka.

Da aka zo tambayoyi sai rauni ya bayyana. Makirfo ɗaya ne tak a ɗakin, a kan teburin shugaba, saboda haka da wani dattijo ya ce, "Sista, yaya ake yi da azumi idan rana ta yi tsawo?" sai da aka maimaita mata tambayar kafin ta ji, kuma waɗanda suke baya da yawa sun haƙura da tasu. Masu kawo abinci suna kwashe faranti a daidai lokacin jawabi, ƙarar cokula kuwa ita makirfon ya fi ɗauka. Da aka ɗauke wuta janareto ya tashi da sauri, amma na'urar intanet ba ta kan batiri, sai da ta mutu ta sake kamawa, muka rasa ƙarshen bayaninta a kan makarantar yara. Ita kanta kyamarar an kafa ta tana fuskantar taga, ta yadda, in ji ma'aikaciyar jinyar, inuwarmu kawai take gani. Wannan ya dame ni, domin mutumin da ya sadaukar da barcinsa bayan aikin dare don ya ga fuskokin mutanensa ya cancanci ya gan su.

Game da kuɗi, otal ɗin yana cajin mafi ƙarancin adadin faranti ko da mutane ba su cika ba, wanda yake da nauyi ga ƙaramar ƙungiya a makonnin damina da na aikin Hajji, lokacin da halarta ke raguwa. Wurin ajiye motoci ma yana cika idan an haɗu da ɗaurin aure. Duk da haka ina ba ƙungiyoyi shawarar su karɓi irin wannan hidima, da sharaɗin a rubuta makirfo na biyu da batirin intanet a cikin yarjejeniya, a kuma tsayar da lokacin kwashe faranti. Sakatare ya riƙa tuna cewa daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Nijeriya yana gaban na Ingila da sa'a ɗaya, sauran watannin kuwa daidai suke, domin ma'aikatan otal ɗin ba sa lura da wannan idan suna aika gayyatar taro.