Fentin feshi a kan robobin cikin mota: abin da na gani bayan wata takwas

Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin kowane fenti yana da kyau a ranar da aka fesa shi, kuma ba a sanin ko ya kama jikin roba ko kwanciya kawai ya yi a samanta sai ya sha rana, ya sha gumin hannu, ya kuma sha gogar mabuɗi da farce. Yau wata takwas ke nan da na fesa wa robobin cikin motata fenti da hannuna, a gida, kuma ina ganin lokacin ya isa a faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya ba ni kunya.

Motar ta haura shekara goma sha biyar. Robobin da ke zagaye da rediyo da sandar giya, waɗanda asalinsu launin azurfa ne, sun ɓare sun zama dabbare-dabbare, su kuma na ƙasan ƙofofi sun koɗe sun koma ruwan toka mai fari-fari. Abin da na saya shi ne gwangwani uku na baƙin fenti marar sheƙi, kowanne mililita 400, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa an yi shi musamman domin roba da ledar cikin mota, kuma wai ba ya buƙatar wata shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda rabin matsalar da na fuskanta daga gaggawata ta fito, kuma wannan alkawari na cewa a fesa kai tsaye kusan duk masu irin wannan fenti suna yin sa.

Cire robobin bai ba ni wahala sosai ba. Na fara da cire wayar batir, na yi amfani da 'yan sandunan roba da ake ɓamɓare irin waɗannan sassa da su maimakon sukudireba, na ɗauki hoton kowane wuri kafin in taɓa shi, amma duk da haka ƙugiyoyi biyu sun karye, domin tsohuwar roba ba ta da haƙurin lanƙwasa. Murfin tsakiyar sitiyari da murfin jakar iska da ke gaban fasinja ban kusance su ba, haka nan robobin ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba, waɗanda a motoci da yawa jakar iska ta gefe take ɓoye a bayansu. An ƙera waɗannan murafe ne don su tsage ta wani layi na musamman idan an yi karo, kuma ban ga hikimar sa musu wani abu da zai iya canja wannan ba.

Na fara gwaji da aljihun ƙofar baya, wanda ba kowa ke kallonsa ba, kuma wannan ita ce dabara ɗaya da na yi daidai a ranar farko. Na wanke shi da sabulun wanke-wanke, na shanya shi, na fesa. Kafin minti ɗaya sai na ga fentin yana janyewa daga wasu wurare yana barin ƙananan ramuka zagayayyu, kamar fuskar mai zanzana, a tsakiyar kowanne ana hango tsohon launin robar. Na ƙara fesawa da tunanin zan cike ramukan, sai suka ƙara faɗi. Dalilin shi ne man ƙyalli da aka shekara da shekaru ana goga wa cikin motar duk lokacin da aka wanke ta. Yawancin irin wannan mai yana ɗauke da silikon, shi kuwa silikon yana shiga cikin tsagogin zanen robar ya zauna, wanki ɗaya ba ya fitar da shi, kuma duk inda ɗigonsa ya rage fenti ba zai zauna a wurin ba. Sai da na kankare abin da na fesa, na wanke robar sau uku da ruwan ɗumi da buroshi mai ɗan tauri, na bi ta da soson Scotch-Brite mai ruwan toka har sheƙinta ya mutu, sannan na goge ta da sifirit na isopropyl, ina juya tsumman zuwa wuri mai tsabta a kowace shafa, kafin fentin ya kwanta sumul.

Na ɗauka an gama. Bayan kwana uku na yi gwajin da masu fenti suke yi: na tsaga 'yan layuka masu giciye da reza a wani lungu da ba a gani, na manna salatif, na danna, na fizge. Fentin ya biyo salatif ɗin gaba ɗaya, da na sa farce kuwa sai sauran ya riƙa saɓulewa kamar saɓar maciji, robar da ke ƙasa tana nan fes kamar ba a taɓa fesa mata komai ba. Abin mamakin shi ne, firam ɗin rediyo da na fesa a rana ɗaya, da gwangwani ɗaya, da shiri iri ɗaya, ko gezau bai yi ba.

Amsar tana bayan robobin, kuma da na juya su tun farko da na huta. Masu ƙera motoci suna buga sunan irin robar a bayan kowane sashe, tsakanin alamomi biyu masu kama da bakin kibiya, bisa ƙa'idar ISO 11469. A bayan firam ɗin rediyo an rubuta >ABS<, a bayan aljihun ƙofa kuwa >PP-TD20<, wato robar polipropilin da aka gauraya da garin talk kashi 20 cikin ɗari. Waɗannan abubuwa biyu sunan roba kawai ya haɗa su. Sinadarin da ke narkar da fenti a cikin gwangwani yana ɗan tausasa fatar ABS, sai fentin ya cije ta, su zama kamar abu ɗaya idan sun bushe. Ita kuwa PP ɗabi'arta kusa take da ta kakin kyandir: sinadarin ba ya cin ta, ruwa yana dunƙulewa a kanta ko da tana da tsabta, kuma wannan halin ne ya sa ake yin mazuban sinadarai da ita. Saboda haka rubutun da ke jikin gwangwanin gaskiya ne ga ABS, amma ga PP, wadda ita ce mafi yawa a ƙasan ƙofofi da gefen ƙafafu a motocin zamani, bai cika ba. A nan ne nake ganin laifin masu sayarwa, domin layi ɗaya da zai ce mai saye ya duba bayan robarsa ya isa ya hana asarar rabin gwangwani da kwana uku.

Maganin shi ne wani gwangwani na daban, mai ruwa garai-garai marar launi, wanda aikinsa ƙulla fenti da irin wannan roba. Yawanci ana yin sa da dangin robar kanta da aka sarrafa da kulorin, shi ya sa yake kama ta ta ƙasa, fenti kuma ya kama shi ta sama. Ana fesa shi siriri, sau ɗaya ko biyu, a jira 'yan mintoci kamar yadda aka rubuta a jikinsa, a bi shi da fenti kafin lokacin ya wuce. Wahalarsa ɗaya ita ce ba a ganinsa, don haka mutum yana iya zaton bai fesa ba ya ƙara, idan kuma ya yi kauri fentin saman yakan yamutse. Da na sake aikin aljihun ƙofar da shi, salatif ya fito babu ko ɗigon baƙi.

Wani abin da ya kamata in faɗa a taƙaice shi ne kada a goge ABS da asiton ko tina mai ƙarfi, wato sinadaran da ake narkar da fenti da su. Na gwada a bayan wani sashe, nan take wurin ya yi danƙo ya yi fari, zanen fatar ya narke.

Game da fentin kansa kuwa, idan an ba shi haƙƙinsa, ina yaba masa. Na girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan na fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki, na riƙe shi nesa da robar kimanin santimita 20 zuwa 25, ina fara danna kan feshin kafin in iso kan robar, ina sake shi bayan na wuce ta. Shafar farko hazo ce kawai, wadda ake hango tsohon launi ta cikinta, kuma a nan zuciya take raya wa mutum ya ƙara don ya ga baƙi ya rufe. Wanda ya biye mata zai ga fenti yana zubar da hawaye a gefen robar. Na bar minti biyar zuwa goma tsakanin kowace shafa, a shafa ta huɗu launin ya rufe. Abin da ya fi burge ni shi ne rashin kaurinsa: ƙananan zanen da ke fatar robar, masu kama da na fatar dabba, sun fito yadda suke, ba su cike ba, har wanda bai sani ba zai ɗauka haka robar ta zo daga masana'anta. Fentin ƙarfe na gama-gari ba ya yin haka, cike zanen yake yi ya bar roba tana walƙiya kamar kayan wasan yara. Na zaɓi marar sheƙi da gangan, domin duk abin da ke walƙiya a kusa da dashbod hotonsa yana fitowa a gilashin gaba idan rana ta haska, ya dami idon direba.

Kan feshin ne rauninsa. Yana fesawa daidai har abin da ya rage a gwangwani ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, daga nan sai ya fara tofar da manyan ɗigo, kuma ɗigo ɗaya a shafar ƙarshe ya isa ya ɓata murfin akwatin gaban fasinja, kamar yadda ya faru da ni har na jira ya bushe na bi wurin da samfefa mai lamba 800 na sake fesawa. Kifa gwangwanin a danna na daƙiƙa biyu bayan kowace shafa yana wanke bakin, yana rage matsalar amma ba ya kawar da ita. Daga baya na riƙa ajiye ƙarshen kowane gwangwani don shafar farko, sabo kuma don ta ƙarshe. Gwangwani ukun sun ishe ni sassa tara, har da wanda na yi sau uku, babu ragi.

Ƙura ma ta ba ni aiki. Roba idan an goge ta da busasshen tsumma takan ɗauki irin lantarkin da ke jawo gashi da zare, sai mutum ya ga silin zare ya sauka a kan ɗanyen fenti daga inda bai sani ba. Yayyafa ruwa a ƙasan wurin aiki da barin robar ta huta bayan gogewa sun taimaka. Shi kuwa warin, ba abin wasa ba ne. Takunkumin takarda ƙura yake tarewa, tururin sinadari ratsa shi yake yi. Bayan ciwon kan da na kwana da shi a ranar farko na nemi takunkumi mai matatar gawayi, na kuma mayar da aikin inda iska ke ratsawa, a inuwa, nesa da duk wata wuta, tun da iskar da ke tura fentin daga gwangwani mai kamawa ce.

Fentin yana bushewa a taɓa shi cikin rabin sa'a, amma bushewa daban, ƙanƙamewa daban. Na mayar da sassan kwana biyu bayan feshin ƙarshe, kuma a wurin tura firam ɗin giya babban yatsana ya bar ɗan tambari da har yau ina ganinsa idan haske ya faɗo ta gefe. Da zan sake, mako guda zan ba su. Warin ya yi kusan mako biyu yana tashi duk lokacin da motar ta tsaya a rana a rufe, domin a irin wannan hali zafin robobin da rana ke bugu kai tsaye yana iya haura digiri 70 a ma'aunin Salsiyas.

Bayan wata takwas, firam ɗin rediyo da na giya da murfin akwatin gaba suna nan kamar ranar da na mayar da su, ba su koɗe ba, ba su tsage ba, ana goge su da jiƙaƙƙen tsumma babu abin da ke biyo shi. Robobin ƙasan ƙofa ma sun riƙe, in ban da ƙofar direba inda takalmi ke shafa wajen fita, wadda ta sami 'yan kurje guda uku da ake ganin ruwan toka ta cikinsu. Wurin da fentin ya gaza ƙarara shi ne mariƙin da ake jawo ƙofa da shi. Tun a wata na uku ya fara sheƙi, a na biyar ya yi laushi yana ɗan kama yatsa, yanzu kuwa ya cinye a daidai inda yatsu huɗu suke sauka. Maiƙon hannu, da man shafawa, da ruwan tsabtace hannu mai sifirit duk suna tausasa irin wannan fenti da ke bushewa ta hanyar ƙafewar sinadari kawai. Akwai fentin kariya marar launi mai haɗi biyu, wanda ake fasa wani ɗan mazubi a gindin gwangwaninsa kafin a fesa, kuma shi yana jure wannan. Sai dai yana ɗauke da sinadarin isosayanet mai cutar da huhu, yana daskarewa a cikin gwangwanin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma ban ga dacewar fesa shi a gidan da mutane ke kwana ba.

Zan sake sayen wannan fenti, amma tare da gwangwanin ƙulla fenti tun daga farko, kuma don sassan da ido ke gani fiye da yadda hannu ke taɓawa. Wanda yake son mayar da baƙar roba zuwa launi mai haske ya san cewa kowane ƙaramin kurji zai fito fili, saboda baƙin da ke ƙasa zai leƙo. Shi kuwa mariƙin ƙofar direba, na yanke shawarar ba zan sake fesa masa komai ba. Na cire shi makon jiya na karanta lambar da ke bayansa, ina neman irinsa wanda baƙinsa a cikin robar yake tun daga masana'anta.