Kwas ɗin manɗiƙi na intanet: darasi mai kyau, manhajar maki mai cin rai

Makonni ukun farko na wannan kwas na manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, sun ci kuɗinsu. An koyar da jadawalin gaskiya da ƙarya tsaf: kowane harafi yana wakiltar wata jumla, haruffa 3 layi 8, haruffa 10 layi 1,024, duk harafin da ka ƙara layukan sun ninka. Bayanin "idan P, to Q" ya fi komai burge ni. Hali ɗaya tak yake zama ƙarya, wato P gaskiya, Q ƙarya. Malamin ya kawo misali daga Python, wani yaren rubuta manhaja, inda all([]), wato tambayar ko duk abin da ke cikin jerin da babu komai ya cika sharaɗi, ke bayar da True (gaskiya) tunda babu ko abu ɗaya a jerin da ya saɓa sharaɗi. Ya kuma nuna yadda Claude Shannon a 1937 ya ɗora aljabarar George Boole, wato lissafin gaskiya da ƙarya, a kan makunnan lantarki. Har nan, babu abin cewa.

A mako na biyar ne abin ya dagule, da aka shiga "kowane" da "akwai". Manhajar da ke duba hujja ba ta faɗin layin da aka yi kuskure. Ka rubuta layi goma sha biyar, ta mayar maka da jan rubutu kawai, ka je ka nemo da kanka. Kuma ƙa'idar da ke kayar da mutane a nan, bidiyon bai yi mata ko minti ɗaya ba.

Ga ta: idan za ka buɗe jumlar "akwai", dole ka ba abin sabon suna, wanda bai fito a baya ba kuma ba zai fito a sakamakon ba. Ɗauki "kowace lamba akwai wadda ta fi ta". Ka zaɓi lamba ka kira ta a. Idan ka sake kiran wadda ta fi ta da sunan a, ka tabbatar da cewa a ta fi a, wanda shirme ne. Ka ce b, hujja ta wuce. Ƙin da manhajar take yi daidai ne, shirun da take yi ne laifi. Abin da layi biyu za su warware, sai ya cinye wa ɗalibi yini guda yana zargin kansa.

Da na ce zan ba shi taurari huɗu. Sai na tuna cewa mako na shida ma an ruga da hujjar hawa-hawa a kan lambobi (a tabbatar da abu ga lambar farko, sannan a nuna idan ya tabbata ga wata lamba ya tabbata ga mai bin ta), alhali ita ce ginshiƙin tabbatar da cewa madaukin da ke cikin manhaja, wato umarnin da ake maimaitawa, yana yin abin da aka ce. Atisaye huɗu kacal, biyu babu amsa. Tambayoyin da aka tura tun watannin baya suna nan ba wanda ya kula su.

Taurari uku, kuma saboda makonnin farko ne. Wanda zai saya ya tanadi littafin manɗiƙi mai atisaye da amsoshi kafin ya kai mako na biyar, ya kuma riƙa rubuta hujja a takarda, kowane layi da sunan ƙa'idarsa a gefe, kafin ya shigar.