Dikodar Nijar a gidan Katsina: tana aiki, amma sai kana da ɗan'uwa a ƙetare

Cikin duk dabarun da na gwada don kallon tashoshin da ba a sayar mana da su a Nijeriya, dikodar Canal+ ta Nijar ce kaɗai ban taɓa yi wa tsaki ana tsakiyar wasa ba. Ɗan kawuna da ke zaune a Maraɗi ne ya saya mini ita da sunansa, ta biyo motar kasuwa ta Ɗan Issa da Jibiya ta iso Katsina. Na daɗe da ita yanzu, na ga rani na ga damina, don haka zan iya faɗin inda ta yi da inda ta gaza.

Mutane da yawa suna ɗauka siginal ce ba ta ƙetarowa. Tana ƙetarowa sarai. Abin da tauraron ɗan Adam ya zubo a Maraɗi shi yake zubowa a Katsina, tsakaninsu ko kilomita 100 ba ta cika ba. Makullin yana jikin katin da ke cikin dikodar. Masu gasar Firimiya ta Ingila suna sayar da haƙƙin nuna wasa yanki-yanki, harshe-harshe: SuperSport na DStv ya ɗauki ɓangarenmu na masu Ingilishi, Canal+ ya ɗauki ƙasashen renon Faransa, beIN Sports na Ƙatar ya riƙe ƙasashen Larabawa. Kowane kamfani an shata masa inda zai sayar da katinsa. Ko da Canal+ ya kammala karɓe MultiChoice, uwar DStv, a watan Satumban 2025, wannan shatin bai goge ba, tunda yarjejeniyar haƙƙin kallo daban take da batun wanda ya mallaki kamfani.

Kafin wannan dikoda na yi zamanin risiba mai “saba”, irin wadda ake sa wa layin waya ko a haɗa ta da intanet, a ce maka shekara guda za ta buɗe komai. Yadda take aiki shi ne wani can yana da katin gaske, yana rarraba lambar buɗe hoto ga ɗaruruwan mutane ta intanet. Lambar nan kuwa canzawa take kusan kowane daƙiƙa 10. Idan ta makara a hanya ko kaɗan, hoto ya daskare. Ranar da babu wasa, tar take kamar madubi. Ranar da Arsenal za ta kara da Manchester United, kowa ya kunna tasa, sai ka ga ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga fanareti ya tsaya cak, ka ji ihun maƙwabta kafin taka ta farfaɗo. Tun shekarar ba ta yi rabi ba aka wayi gari ta mutu gaba ɗaya, wanda ya sayar mini ya ce “daga sama ne”, a jira sabon sofwaya. Ba wanda za ka kai ƙara wurinsa, don kowa ya san kayan sata ne. Wanda ya tuna beoutQ, wadda ta riƙa kwashe tashoshin beIN daga 2017 har ta ɓace a 2019, ya san ƙarshen irin wannan harka ko da mai ƙarfi ne ya tsaya mata.

Saitin dikodar Nijar bai ba da wahala ba. Farantin DStv gabas yake kallo, shi kuwa tauraron Canal+ yana digiri 22 ta yamma, don haka sai mai saitin dish ya juya farantin kudu maso yamma, ko ka sa wani daban. Ni ƙarami na sa, irin wanda ya zo tare da ita, kuma ya isa. Idan hadari ya haɗu sosai hoto yakan ɗauke na ɗan lokaci, kamar kowane ƙaramin faranti.

Ƙwallo ce ta kai ni, kuma ta wannan fannin ban da ƙorafi. Firimiya tana nan, gasar zakarun Turai tana nan, hoto garau, ba daskarewa. Agogon Nijar da namu ɗaya ne, jadawalin da ke jikin allo daidai yake da lokacinmu. Sai dai duk sharhin da Faransanci ne. Farko abin ya yi mini nauyi. Ƙwallo rabinta a kunne take, kuma na saba da muryar Turawan Ingila. A hankali kunne ya saba, sunayen 'yan wasa dai ba sa canzawa, kuma masu sharhin nasu sun fi ba 'yan wasan Afirka muhimmanci, sukan tsaya su faɗi garin da yaro ya taso a Mali ko Senegal da kulob ɗin da ya rene shi. Amma abokaina da ke zuwa kallo ba duka suka jure ba. Akwai wanda yake cewa in kashe murya kawai.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Télé Sahel, talabijin ɗin gwamnatin Nijar, ta zama tashar da aka fi kunnawa a gidan. Mahaifiyata tana bin labaran Hausa na can, ta ce Hausarsu ta fi kama da wadda ta tashi tana ji. Lokacin gasar kokawar gargajiya ta Takobi kuwa, wadda jihohin Nijar 8 suke haɗuwa, falo cika yake har da waɗanda ba su damu da ƙwallo ba. Ganin Issaka Issaka na Dosso ya shiga fili kai tsaye, da kirari da kiɗa da makaɗa, daban yake da guntun bidiyon da ake turowa a WhatsApp washegari. Arewa24 ma tana ciki, ba a rasa shirye-shiryen gida ba. Finafinan Indiya da na Kudu kuwa duk an juya su zuwa Faransanci, yara suka gwada suka bari.

Inda gizo ke saƙar shi ne biya. Da sefa ake biya, a can ake biya. Ƙaramin tsari sefa 5,000 ne a wata, jika biyar, kuma mai son manyan wasanni sai ya hau sama da haka. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zube, kuɗin da nake ba ɗan canji don wata guda ya ninka ya wuce, alhali farashin can bai canza mini ba. Da na saye ta, arha ce ta ja ni. Yau wannan arhar ta ragu sosai, kowane wata sai na tambayi canji kafin in san abin da zan kashe.

Sannan komai ya rataya ne a wuyan mutum guda, wato ɗan kawun nan nawa. Ni ne nake tura kuɗi, shi ya je shagon wakili ya sabunta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Siginal ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba a watannin nan, amma kai kuɗi ya zama aiki. Sau da yawa shi yake biya daga aljihunsa, ya kira ya ce, “Yaya, na sa maka, in hanya ta buɗe ma yi lissafi.” Wanda ba shi da irin wannan mutum a Maraɗi, Damagaram ko Ƙonni, sai ya dogara da dillali, kuma dillalin da ya karɓi kuɗin wata uku ya sa na wata ɗaya ba ka da yadda za ka yi da shi. Idan dikodar ta lalace ma haka, sai ta koma can.

Dole kuma a faɗi gaskiya: kati ne na mazaunin Nijar. Kuɗina yana isa ga kamfanin, ba kamar na saba ba, amma amfani da shi a nan ya fita daga sharaɗin da aka sayar da shi a kai, kuma in sun ga dama su rufe, ba ni da bakin magana. Saboda haka ba zan ba mai gidan kallo shawarar ya ɗora sana'arsa a kanta ba. Ga matsalar izini, ga kuma matasan da suka biya kuɗin shiga ba za su zauna minti 90 suna jin harshen da ba su sani ba. Ga mai gida a bakin iyaka, mai dangi a can, wanda yake son kokawa da labaran Nijar tare da ƙwallonsa, ta cancanci kuɗinta. Mutumin Kaduna ko Jos da ba ruwansa da Nijar, Firimiya kawai yake nema, ya lissafa canjin sefa na yau da ladan dillali tukuna, zai iya tarar da bambancin da DStv na gida bai kai wahalar ba.